Ranar da Na Tsaya a Kusurwar "Ban Gane Ba"

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ɗalibaina suka auna kansu a gaban baƙi ba, ko da kuwa na so in manta, don abokan aikina sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba.

Turanci nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan Wudil. A shekarar aka tura ni bita Kano, inda aka koya mana sabuwar dabara: wai a bar ɗalibi ya riƙa auna kansa, ya faɗi da bakinsa ko ya fahimci darasi ko bai fahimta ba. Na dawo kaina ya kumbura (har da jakar bita a rataye, wadda na riƙa zuwa da ita ko'ina, har gidan suna). A lokacin kujerar shugaban sashen Turanci babu kowa a kai, kuma mu biyu ke hanƙoronta, ni da Malam Garba, dattijon da ya koyar da iyayen wasu ɗalibanmu. Na ƙudura a raina wannan dabarar ce za ta ɗora ni.

Da na yi bayani a ofishin malamai, Malam Garba ko kai bai ɗago daga kofin shayinsa ba.

"Yaro ya ba kansa maki?" in ji shi. "To mu sai mu koma sayar da kifi a bakin gada."

Na ce, "Baba Malam, zamani ne ya canza."

Ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Amma yadda ya ja maganar, ni na san ba addu'a ba ce.

Tsarina mai sauƙi ne. Na manna takardu a kusurwa uku na aji, an rubuta da Turanci da manyan baƙaƙe: Na Gane, Na Ɗan Gane, Ban Gane Ba. In na gama darasi, kowace yarinya ta tashi ta tsaya inda ya dace da ita. Gwajin farko, ajin kaf ya ɗunguma zuwa Na Gane. Har na fara tunanin irin hular da zan sa ranar da za a ba ni kujera, sai na lura kusurwar nan ce kaɗai ke da taga mai shigo da iska. Na yi musu faɗa sosai, na haɗa da wa'azi a kan ƙarya da cika baki. Daga nan abin ya daidaita, suka riƙa rarrabuwa kamar yadda aka nuna mana a bita.

Sai ga labari cewa wata malamar jami'a, Dakta Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, tana zagaya makarantu tana binciken yadda malamai ke kallon wannan dabara. Hajiya, shugabar makarantarmu, ta ce ajina za a kai ta. Ta kuma ce Malam Garba ya zo ya gani. Kowa ya san abin da za a yanke a ranar, ko da ba a faɗa ba.

Na sha guga, na fesa turare. Don karramawa, da hannuna na jera wa baƙi kujeru a wurin da ya fi iska a ajin. (Eh, na san kun riga ni gane wurin. Ni a lokacin ban gane ba.)

Darasin ya tafi lafiya lau. Yara na ɗaga hannu, amsa na fitowa, Dakta na gyaɗa kai tana rubutu. Na gyara wuyan riga, na ce da murya irin ta masu bita, "Yanzu kowa ta auna kanta."

Suka miƙe. Suka dubi kusurwar Na Gane, inda Hajiya da Dakta da Malam Garba suke zaune daram. Suka dubi juna. Sai kawai na ga ajin ya juya baki ɗaya ya nufi Ban Gane Ba. Ko ɗaya ba ta tsaya a tsakiya ba. Suka cunkushe a lungu kamar shanu a kara ranar kasuwar Juma'a, wata ta hau benci, takalmin wata ya fita, ana ta "Ke matsa mana, kin taka min hijabi."

Na lalubo Rukayya da ido, yarinyar ƙauyen Utai da ta ciyo mana gasar muhawara, tana can ƙuryar ƙurya ta rufe rabin fuska.

"Rukayya, ke ma?"

Ta amsa da Turanci mai daɗi, tsaf, babu tuntuɓe ko ɗaya, cewa gaskiya ita ba ta fahimci komai ba.

Dakta ta ajiye biro. "Tun yaushe yake koyar da ku?"

Suka haɗa baki, cikin ladabi: "Tun muna aji ɗaya!"

Malam Garba ya yi wani ɗan tari wanda har gobe nake jin sa a kunnena.

Nan fa na rikice. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na kutsa har bakin lungun ina raɗa musu, "Don Allah ku rufa min asiri, ko mutum biyar su koma can." Ba wadda ta motsa. Na juyo don in yi wa baƙi bayani. Ina tsaye hannu a sake, ashe takardar Ban Gane Ba tana saitin hulata daidai.

Dakta ta dube ni, ta dubi takardar, ta yi iya ƙoƙarinta ta danne dariya. "Malam," ta ce, "kai ma naka awon ke nan?"

Hajiya ta kifa kai a kan jakarta, kafaɗunta na rawa. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige, na ja ta na rufe.

Bayan an tashi na tsare Rukayya a baranda, raina a ɓace. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ya za a yi mu je mu tsaya a kan manya suna zaune? Kuma a gaban baƙuwa mutum ya ce ya iya? Ai innata sai ta ce ba ta haife ni ba. Ba kai ka ce mana cika baki ba kyau ba?"

Ni na jera kujerun, ni na yi wa'azin.

Kujerar shugaban sashe dai Malam Garba aka ba. Abin da ya fi min ciwo, yanzu shi ma yana amfani da dabarar, sai dai kowace yarinya a ɓoye take nuna masa awonta da yatsu a ƙirjinta, ba mai ganin ta wata, kuma abin na tafiya sumul. Ni kuwa sunan ya bi ni har kasuwa, inda mai nama ke gaishe ni da "Malam Ban Gane Ba, ya ɗalibai?"

Abin da na koya shi ne, kafin ka ce yaran Wudil su auna kansu, fara duba wa ka zaunar a bakin taga. Kuma a duk ajin nan, ni kaɗai ne na tsaya a kusurwar da ta dace da ni.