Taguwar Malam Sharhabil

Idan ana maganar masana a arewacin Kaduna, sai a fara cire hula a gaishe da Malam Sharhabil Sanda na Unguwar Dosa, mataimakin babban jami'in mulki a wata ma'aikatar jiha. Allah ya hore wa wasu dukiya, wasu 'ya'ya, shi kuma ya hore masa sanin yadda mota ke shan mai. Bai karanci injiniya ba, amma me zai yi da ita? Ya taɓa karanta takardar da ta zo da motarsa daga farko har ƙarshe, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake shan shayi cikin kwanciyar hankali a ofishinsu. Abokan aiki suka naɗa shi Sarkin Tsimi. Ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, don bai taɓa tambayar dalilin da ya sa ake sunkuyar da kai in an faɗe ta ba.

Motar 'yar ƙaramar a-kori-kura ce, fara, ta hannu. Lokacin da mai ya yi tsada kowa na neman ƙaramar mota ko ya koma hawa keke napep, shi sai ya sayo mai buɗaɗɗen baya don zuwa ofis, tafiyar da ba ya ɗaukar komai sai jakar takardu da fulas ɗin kunu. Ya raɗa mata suna Taguwa, wai don raƙumi sau ɗaya yake sha ya ƙetare sahara.

"Ku ba ku gane ba ne," in ji shi, yana buga bayanta kamar mai tallar sa. "Wannan ba shan mai take yi ba, lasa take yi. Kilomita goma sha huɗu a lita ɗaya, a rubuce yake. Ni ran Litinin nake cika tanki, ba na sake kallon gidan mai sai Litinin ta sama. Ilimi ne, ba sa'a ba."

Gaskiya ne, a rubuce yake. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne, waɗanda suka yi gwajin ba su taɓa tsayuwa a cunkoson Kawo da safe ba, ba su taɓa bin bayan tirela a Titin Ali Akilu ba, kuma a ƙasarsu ba a san ramin da ke haɗiye taya ba. Tun makon farko Taguwa ta nuna halinta. Rabin abin da aka rubuta take yi, shi ma sai in ta tashi da ƙafar dama. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma Sarkin Tsimi ya riga ya yi shela cewa tulu ya saya.

Sai ya shiga dabaru. Ya cire safayar taya ya ajiye a gida don rage nauyi. Ya haramta kunna sanyi, har uwargidansa Hajiya Nafisat ta fara shiga motar da mafici. In ya zo gangara sai ya kashe inji ya bar ta ta sulala, yana gaya wa fasinja cewa Turawa ma haka suke yi. Allurar mai kuwa, da ta ƙi daina tona masa asiri, sai ya manna katin sunansa a kanta, mai ruwan zinariya, da muƙaminsa a harsuna biyu.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma a unguwarmu duk wanda ya sayi a-kori-kura ya sayar da kansa. Mai biki zai zo neman a kai masa bencina. Mai gini yana da buhunan siminti "'yan kaɗan, a kan hanyarka ne". Maƙwabciya za ta kai masara niƙa. Wani mai hankali zai ce mai ya yi tsada, a yi haƙuri. Shi fa? Mutumin da motarsa lasa take yi, da wane baki zai ce mai? Da sun ce, "Ai Taguwa ce, ba ta jin komai," sai ya wangale baki ya ce a loda. Mutumin da ya cire safaya saboda nauyi shi ne ya rinƙa yawo da firjin amarya har Malali.

Saura matsala ɗaya. Tanki na ƙarewa tun Laraba, shi kuma ya hana kansa gidan mai sai Litinin ta sama. A ga Sarkin Tsimi a layin mai tsakiyar mako? Gara a ga limami a gidan rawa. Don haka ya nemo mafita irin ta masu zurfin tunani. Bayan an tashi aiki sai ya kewaya ta Bakin Ruwa ya shiga Rigasa, inda yake ganin babu wanda ya san shi, wurin wani ɗan bumburutu mai suna Ado, Bazamfare mai teburi da galan-galan a bakin titi. A can yake sayen mai da tsadar bayan fage, ya ƙona wani kaso wajen zuwa, wani wajen dawowa. Washegari ya shigo ofis yana murmushi, ya ce, "Har yau allura ba ta motsa ba." Bai yi ƙarya ba, katin ne ba ya motsi.

Ana haka ma'aikatar ta ce za ta sayi motocin zirga-zirgar ma'aikata, za a kafa kwamiti, kuma Darakta, Hajiya Safara'u, ita za ta zaɓi shugabansa. Malam Sharhabil ya daina barci sosai. Shekara da shekaru yana mataimaki, yau ga kujerar da aka sassaƙa daidai ƙugunsa. Ya ɗinka sabuwar shadda. Ya yi wa Darakta jawabi a bakin ofis, a matattakala, har a wurin ajiye motoci.

"Ranki ya daɗe, gwamnati na asara ne saboda rashin masana. A ba ni dama, in cika harabar nan da irin Taguwa, ki ga yadda kasafin mai zai koma kuɗin goro."

Hajiya Safara'u mace ce mai ƙarancin magana. Ta ce gani ya kori ji. Ran Alhamis za ta hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, motar ofis na wurin makaniki, in ba damuwa ya kai ta tasha a Rigasa, ta ga Taguwar da idonta.

Ya ce babu damuwa. Da Alhamis ɗin ta zo kuwa sai ga damuwa, don jiya Laraba ya kai kujerun walima Unguwar Sarki bai samu leƙa Ado ba. Ya yi lissafi irin nasa na masana: zai kai ta tasha, a dawowa ya sha a ɓoye. Ai a rubuce yake.

Suka kama hanya da hantsi. Darakta na gefe tana fifita da fayil, shi yana bayani. A kowace gangara ya kashe inji, ya ce fasaha ce. A cunkoson Bakin Ruwa zufa ta jiƙa sabuwar shadda, bayani ya fara raguwa. Da suka shiga Rigasa Taguwa ta yi tari. Ya ce gaisuwa take yi. Ta sake tari, ta yi shiru, ta sulala a hankali kamar jakin da ya hango gidan ubangidansa, ta je ta tsaya cak a gaban teburin Ado.

Ado ya taso da gudu, galan a hannu ɗaya, mazurari a ɗayan, bakinsa har kunne. Malam Sharhabil na ta ƙifta masa ido, shi kuwa ya ɗauka murna ce.

"Alhaji na kaina! Jiya mun yi ta dubanka, har na ce ko lafiya, don ba ka taɓa tsallake Laraba ba. Galan biyu na kullum ko a ƙara?" Ya leƙa ya ga Darakta, ya rusuna. "Hajiya, sannu da zuwa. Ki riƙe Alhaji da kyau, mutumin kirki ne. Albarkacin motar ga na yi aure bara. Shekaranjiya kuma matata ta sauka, namiji, shi ne munka ce ba wanda ya cancanci takwara sai shi. Sharhabil za a raɗa mai. Da mace ce, wallahi Taguwa za mu riƙa kiranta."

Hajiya Safara'u ta miƙa hannu ta ɓamɓare katin nan mai ruwan zinariya, ta dubi allurar da ke kwance a ƙasa, ta miƙa wa Malam Sharhabil katinsa. Sannan ta fito da jakarta ta tsayar da keke napep.

"Allah ya raya takwara, Malam Sharhabil," in ji ta. "Na sha ganin mota ta cinye albashin mai ita. Wadda ta yi wa wani aure har da haihuwa, yau na fara gani."

Shugabancin kwamiti dai wani aka ba, mutumin da ko keke ba shi da shi. Amma kada a ce Sarkin Tsimi ya tashi a tutar babu. Wanda aka yi wa takwara ba ya zuwa suna hannu rabbana, don haka ran suna an ga Taguwa ta nufi Rigasa da rago a baya, da bencina, da buhun shinkafa. A wurin walima aka ba shi kujerar gaba, maroƙi ya yi ta kirarinsa da uban tafiyar masu galan. Da ya tashi komawa gida, sai da Ado angon ƙarni ya sayar masa da galan biyu.