Sabon Shiga Mai Furfura

"Ina kwana, tsohuwa?"

"Da ban kwana ba ka gan ni? Shigo, mai tirelar ado."

Yayana ke nan da kakarmu. Kwanan nan ya sayi tirelar kansa bayan ya tsufa yana ja wa wasu, amma tana ajiye a ƙofar gida, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ya samu lodin siminti na farko, masu kayan sun ce in babu inshora zuwa gobe za su ba wani. Ni kaina haushinsa nake ji, don kuɗin inshorar da ya ware ya kai wa mai fenti.

Ya zube kan tabarma yana huci.

"Wai ni ne sabon shiga. Ko kaza ban taɓa takewa ba, amma masu inshora sun ce duk tuƙin da na yi da sunan maigidana ne. Suka ninka mini kuɗi, ko kunya babu."

"Gaskiya suka faɗa. Jiya-jiyan nan nake share maka majina."

"Ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba, me kika sani?"

"Na san wawan da ya sayi fitilu kala-kala da oda mai kukan jaki, ya bar abin da zai fitar da motar. Wannan ne mijin nawa? Na sake ka."

"Dama wa ke son mace ba haƙori? Ko su masu inshorar ba za su karɓe ki ba, injinki ya gama bugawa."

"Injina ya binne kakanka, kuma yana nan daram. Kai, me aka ce ka rubuta a bayan motar?"

Ya sosa ƙeya. "Tsohuwa Mai Ran Ƙarfe."

"Uban wa ya ba ka izini, ɗan nema?"

Idonsa ya kaɗa. "Kaka, in lodin nan ya wuce ni, sai dai in sayar da ita in koma yaron wani."

Ta ja tsaki, ta ciro 'yan kunnenta na zinariya, waɗanda ko mu jikokinta mata ba ta bari mu taɓa, ta wurga masa a cinya.

"Ungo, tashi ka ba ni wuri."

Ya ƙyalƙyale da dariya yana share ido. "Na janye, injinki lafiya lau. Rubutun fa, in goge?"

"Ka goge ka gani. Ka dai sa a ƙara masa girma, idona ba ya gani sosai."