Amawalin Amgar Illo

Duk wanda ya shiga Kasuwar Assihar ta Tamanrasset bai ga Amgar Illo, wai shugaban Buzaye, ba, to ya yi asarar kuɗin mota. Ga tsawo, ga rawani baƙi mai sheƙi, ga amawali har gindin ido. In yana tafe sai ka rantse shi ya ara wa Tamanrasset duwatsunta. 'Yan kasuwa na kiransa Sarkin Rairayi, shi kuwa ya ɗaga musu yatsa ɗaya, don babba ba ya ɓarnar hannu.

"Kakana ya ratsa Sahara a makance," in ji shi, "da sansanar ƙasa kawai. Ni ma in na shinshina iska, na san abin da ake dafawa can garin In Ekker mai nisa."

Allah Sarki, jinin sarauta! Kalmar Buzanci guda ya riƙe, tanemmirt, wato na gode. Da ita yake gaisuwa, da ita yake ciniki, ran nan ma da ita ya yi wa wani ta'aziyya. Raƙuminsa kuwa kullum wai yana hutawa can ƙauyen Outoul, ba wanda ya taɓa ganinsa. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

Gaskiyar ita ce, Illo Bagobiri ne daga Tsibiri. Tun yana yaro ya ga wani tsohon wasa a tele, ɓarawo ya sa kayan jandarma kowa na sara masa. Daga nan ya gane tufa ke aiki, mutum rakiya yake yi. Da Rakiyatu ta ƙi shi, ta ce ba za ta auri wanda ko akuyar unguwa ba ta san sunansa ba, sai ya hau mota ya yo arewa. Ya yi rantsuwa sai ta gan shi a tele.

Rana ta yi kuwa. Masu ɗaukar hoton tele suka zo daga Alje, babban birnin ƙasar, suna neman dattijon sahara na asali. Wa za a nuna musu in ba Amgar ba? Aka shimfiɗa darduma a bayan gari, aka kawo raƙumin haya, aka zaunar da wasu tsofaffin Buzaye gefe don ado. Illo ya aika Tsibiri cewa kowa ya zuba ido.

Kamara ta juyo, ya zuba jawabi kan taurari da rijiyoyin kakanni har mai fassara ya yi gumi. Sai aka miƙo shayi. To, Buzu na ƙwarai ta ƙarƙashin amawali yake kurɓa, ba ya buɗe baki gaban manya. Illo ya san haka sarai. Amma wani tunani ya soke shi: in fuska na rufe, yaya Rakiyatu za ta gane shi? Duk wahalar nan a ce wani Buzu ne ya ci riba?

Ya fizge amawali har haɓa, ya yi wa kamara murmushi.

Wayyo! Ga zanen Gobirawa reras, daga gefen baki har kunne, aikin wanzamin da bai yi ha'inci ba. Tsofaffin nan suka kau da kai don kunya. Ɗayansu ya ce cikin Hausa mai daɗi, "Sannu Bagobiri. Yaya mutanen Tsibiri?"

"Tanemmirt," in ji Amgar.

Kayan aro dai ba ya rufe katara. Amma mutanen Alje ba su kore shi ba, suna da kirki. Suka ba shi akalar raƙumi ya riƙe, aka ɗauki tsohon da ya gaishe shi a madadinsa.

Ranar da aka nuna shirin, rabin Tsibiri ya taru a gidan mai tele. Aka ga tsoho, aka ga raƙumi, aka ga wani hannu riƙe da igiya a gefen hoto. Da Illo ya bugo waya yana tambayar ko an gan shi, Rakiyatu ce ta karɓa.

"Mun gani," ta ce. "Ka gai da raƙumin, wallahi yana da kwarjini."