Garmani a Buhun Kyasuwa

"Lafiya lau muka kwana, sai da kika iso. Ya Damagaram, ya cin albashin banza?"

"Damagaram na gaishe ka, tsohon miji. An ce ka yi sabuwar amarya a buhu, na zo ganin kishiya."

Malam Suma'ila na Gaffati ya gyara zama a kan buhun nan kamar kaza a kan ƙwai. Irin ciyawar kyasuwa ne, Ɗanƙarami direba ya ƙetaro masa da shi daga iyaka a ƙarƙashin kujera. Shekara uku tsohon nan yana tuge garmani da hannunsa a saurarsa, muguwar ciyawar da ko jaki ba ya ci, har ƙasa ta fito fes. Bana yake son ya watsa kyasuwa shanunsa biyu su sami na rani. Hadari ya fara haɗuwa, ga kuma jikarsa Aliya, wadda ke aikin gwajin iri a birni, ta diro daga babur da jaka a kafaɗa. Tun daga nesa ya san ba alheri ya kawo ta ba.

"Ina takardunta?" in ji Aliya.

"Takardun wa?"

"Na buhun. Izinin shigowa, da sartifika daga can cewa ba cuta, ba gauraye. Sannan mu ɗebi kaɗan mu kai labo, ɗakin gwajinmu."

"Ikon Allah! Ciyawa ma sai da katin ɗan ƙasa? Ni da na haifi ubanki ba ni da takardar haihuwa, ga ni ina numfashi."

"Shi ya sa da kai za a kawo labo, da tuni mun ƙone ka. Duk gauraye ne."

"Ja'ira! 'Yan duwan masu binciken kaya a iyaka ma ba su tare shi ba, sai ke mai ƙafa kamar sillen kara?"

"Ba su gan shi ba dai. Tsintacciyar mage ba ta mage, Kaka."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gobe in an yi ruwa zan shuka, ko gwamna ne ya aiko ki. Ƙwaya ɗaya ba ta barin gidan nan!"

Ya faɗi haka yana dukan buhun da sanda, kuma har ga Allah ya yi niyya. Aliya ta san halin kayanta. Ba ta ƙara ja ba, sai ta ɗauko faifai ta zauna a gefen tabarma, ta yi kalar tausayi.

"Shi ke nan, na bari. Dama uwargidanka Inna ta ce kada in wahalar da kai, idonka ya mutu. Ta ce jiya ka yi wa turmi sallama."

"Ni? Ni da nake zura zare a allura da magariba?"

"Da can ke nan. Yanzu ko tsakuwa aka zuba maka a buhun nan, kyasuwa za ka ce."

"Miƙo faifan nan!"

Da hannunsa ya kwance bakin buhun da ya rantse ba a taɓawa, ya cika tafi ya baza. Ya kai faifan rana yana tonawa da ɗan yatsa, yana cika baki.

"Ga kyasuwa, mai gashi. Ga ƙaiƙayi. Ga tsakuwar taki. Wannan baƙar mai ƙaho biyu kuwa, ko a kabari aka nuna mini na san ta, garmani ce. Ga wata. Ga ta uku. Makaho ne zai ga wannan? Ga ta huɗ..."

Sai yatsan ya tsaya. Malam Suma'ila ya dubi ƙwayoyin nan, ya dubi buhu, ya dubi tafin hannunsa da garmani ya mayar kamar bayan kunkuru. Huɗu a tafi ɗaya ke nan, kuma saura kwana ɗaya ya watsa buhu guda a gonar da ya sha wuya a kanta.

"Ci gaba mana, sarkin gani," in ji Aliya. "Aikinmu na labo ke nan kake yi, sai dai ba mu da riga daidai da tumbinka."

"Makira! Da bakina kika sa na kama kaina."

"Gani ya kori ji."

Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Tsoho ya fashe da dariya har hula ta faɗi, ya tura mata buhun da ƙafa.

"Ɗauki, sadakinki ne. Kada ki ce ban taɓa ba ki komai ba."

"Na karɓa, wuta za ta ci shi. Ga tukuici."

Ta zaro ƙullin irin kyasuwa daga jakarta, an ɗinke bakinsa, takardar gwaji na reto a jiki da tambari. Ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya takardar a kife, don bai iya boko ba. Sannan ya kakkaɓe faifan tas.

"Matso da shi rana," in ji shi. "Wannan ma sai ya bi ta labona."