Yadda Za Ka Ƙara wa Sandar Bayan Motarka Tauri Har Ka Juya da Kakarka a Shataletale

Kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwana. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari cikin kwana biyu bayan motarka zai riga gabanta isa inda za ku, kuma mutanen garinku za su shekara goma suna ba da labarinka. Ina kujerar baya aka gwada dabarar, kuma ba ta kuskure ko kaɗan ba.

Sunana Merle. Shekara biyar na yi a jami'a ina karatun injiniyan motoci, na fito da sakamakon da ba na jin kunyar faɗa a ko'ina. Shekara uku kuma na yi a garejin marigayi babanmu ina riƙe wa yayana Gereon fitila. Baba ya rasu ya bar mana tsohuwar ƙaramar motarsa mai jan gaba, wadda muke zuwa kasuwa da ita ranar Juma'a, mu shiga filin tsere da ita ranar Asabar. Makullin gareji kuwa ya bar shi a hannun mahaifiyarsa, Kaka Hiltrud. Makulli ɗaya ne, kuma mai riƙe da shi ne mai yanke hukunci a kan motar. Kaka ta ce ta gaji da gadi. Ranar Lahadi, a teburin kek na gidan Baffa Ottmar, za ta damƙa shi ga ɗayanmu. Duk ƙauyenmu da ke yankin Eifel an san ga wanda za ta ba. Ni ma na sani. To ga yadda Yaya Gereon ya shirya wa wannan rana, don ka kwaikwaya.

Mataki na 1: Kada ka yarda ka san aikin sandar

A ƙarƙashin motarka akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya haɗa tayoyin baya biyu. Shi muke kira sandar baya. Aikinta hana mota kishingiɗa idan an sha kwana. Iya abin da ya kamata ka sani ke nan. Tsaya nan.

Kada ka bari wani ya ƙara maka da cewa duk taurin da ka ƙara mata, nauyin mota kake jibga wa tayar baya ta waje ita kaɗai, har ta cikin ta ɗaga ƙafa kamar kare ya ga turken lantarki. Kada ka ji cewa hakan na sa gaba ya shiga kwana da daɗi, amma baya ya riƙa sakin kwalta da wuri. Wannan zancen 'yan makaranta ne. Ilimi yana rage gudu.

Mataki na 2: Zaɓi huda da ƙirjinka

Sandarmu huda uku gare ta a kowane gefe: ta taushi, ta tsakiya, ta tauri. Masu tsoro suna farawa da ta taushi, su gwada, su matsa huda ɗaya, su sake gwadawa, ba sa taɓa komai a motar sai wannan abu guda don su gane abin da ya canza. Har da rubutawa a littafi. Kai ba haka aka haife ka ba.

Ranar Juma'a da yamma Yaya Gereon ya shiga ƙarƙashin mota ya wuce huda biyu bai ko gaishe su ba.

Na ce, "Yaya, ta tsakiya ta ishe mu. Ita ce za ta kai mu fili ta dawo da mu gida."

Ya ce, "Farfesa, haska nan."

"Ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Kin taɓa ganin an ba mutum kofi saboda ya zauna a tsakiya? Ƙasa kaɗan. Fitilar nake nufi, har muryar ma."

Ka lura da hikimar nan. Duk wanda ya fi ka sani, laƙaba masa suna. Da zarar ka kira shi Farfesa, maganarsa ta zama abin dariya, kai kuma ka huta da tunani.

Mataki na 3: Ɗaure noti kamar da shi kake gaba

Akwai sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya isa. Kada ka taɓa ta. Ɗauko bindigar noti, injin ɗauri mai aiki da lantarki, ka murɗa ta zuwa ƙarshen ƙarfinta, ka danna har sai haƙoranka sun amsa. Notin da hannu zai iya kwancewa bai san mai shi ba.

Mai riƙe maka fitila za ta yi tsaki. Ƙyale ta. Ni shekara uku na yi ina wannan tsaki. Na dafa kofi ya fi dubu. Na wanke sifanu, na share mai, na tsaya a sanyin da ke sa yatsu su manta sunan mai su, ana kirana in miƙo lamba goma sha bakwai alhali ina ganin sha shida ake bukata. Ban yi kuka ba, ban bar garejin ba. Na babana ne, kuma in ana maganar taurin kai, ni ce hudar ƙarshe.

Mataki na 4: Yi nasara sau ɗaya, ka ɗauke ta aya

Ranar Asabar rana ta fito, kwaltar fili ta bushe ƙayau, tayoyi suka yi zafi suka kama ƙasa kamar ƙaro. A irin wannan yanayi sanda mai tauri tana da ranarta, ba zan yi ƙarya ba. Motar ta riƙa shiga kwana kamar an kira ta cin abinci. Yaya ya rage daƙiƙa ɗaya da rabi a zagaye.

Ya fito ya cire hular kwano, ya ɗora ta a kan rufin mota don kowa ya ga gashinsa ya jiƙe.

"Farfesa, a wane shafi aka rubuta daƙiƙa ɗaya da rabi?"

Na ce, "Barka. Yanzu mu mayar da ita ta taushi kafin mu hau titi. Ga bindigar noti nan, ga jak, minti goma ne. An ce gobe ruwa za a yi."

"Gobe da safe ma mayar."

"Yaya, gobe Lahadi."

"Na san kwanakin mako, ba sai na je jami'a ba."

Ya tafi layin masu gasa tsiran alade yana ba da labarin kwana ta shida da hannaye biyu. Kai ma haka za ka yi. Masu cewa ba a fafe gora ranar tafiya ba su taɓa rage daƙiƙa ɗaya da rabi ba.

Mataki na 5: Ji tsoron maƙwabciya fiye da lahira

Wannan shi ne ƙashin bayan karatun, ka natsu.

Lahadi ta waye da yayyafi. Ƙarfe ɗaya na rana na karɓo makulli wurin Kaka, na ɗaga motar, na sa sifanar hannu a kan noti. Ko gezau. Na ƙara mata bututu. Ko gezau. Na miƙa hannu zan ɗauko bindiga, sai Yaya ya riƙe wayarta kamar ya kama maciji.

"Ke! Kin haukace? Yau Lahadi!"

"Daƙiƙa biyar ne a kowane gefe."

"Madam Pützer tana taga."

Tana taga kuwa. A ƙauyenmu ba a yin aiki mai ƙara ranar Lahadi. Madam Pützer maƙwabciyarmu ce, kuma tun kafin a haife mu take gadin shirun Lahadi a layinmu ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Ita ce ta taɓa rubuta wa Baba wasiƙa shafi biyu saboda ya jefa kwalba a kwandon kwalabe bayan an fito coci. Ta buɗe tagar kaɗan.

"Gereon, ba dai aiki nake gani ba?"

Mutumin da jiya ya shiga kwana a gudun ɗari da sittin ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Madam. Kallon motar kawai muke yi."

"Daga ƙasa?"

"Merle ce. Haka aka koya musu."

Na koma ƙarƙashi. Minti arba'in na yi kwance a siminti mai sanyi ina kokawa da noti a ɓoye, ina haɗiye nishi don kada a ji. Fatar yatsuna biyu ta tafi. Ƙarfe biyu da rabi ya jawo ni ta ƙafa.

Na ce, "To mu bar ta. Baffa ya zo ya ɗauki Kaka a motarsa."

"Ranar da za a ba ni makulli? A motar Baba zan kai ta. Tashi ki wanke hannu, ƙarfe uku ake yanka kek."

Darasi: tsakanin haɗarin mota da ƙarar daƙiƙa goma ranar Lahadi, mutumin kirki ya san wanda zai zaɓa. Haɗari ba ya rubuto wasiƙa.

Mataki na 6: Ɗauke ƙafa a tsakiyar kwana

Zaunar da kakarka a gaba, ka ɗora mata faifan kek ɗin 'ya'yan itacen fulam a cinya. Tura Farfesa baya. Ka tabbata tayoyi sun yi sanyi, kwalta ta jiƙe, ganye ya zuba.

Na ce, "Yaya, a hankali. In ka shiga kwana kada ka saki totur farat ɗaya."

Ya ce wa Kaka, "Kin ji rediyon da muka sa wa motar? Ba ta da makunni."

Kaka ta ce, "Ku yi mini shiru, kuna girgiza kirim."

A bakin ƙauyen Baffa akwai shataletale mai furanni a tsakiya da gunkin saniya na katako. Yaya ya shiga da gudun da ba laifi ba ne ga motar kirki. Yana tsakiyar lanƙwasa sai ga bushiya tana tsallaka titi da natsuwar mai gidan gari. Ya ɗauke ƙafa daga totur gaba ɗaya.

Nauyi ya koma gaba. Baya ya yi sallama.

Na ga coci. Na ga gidan burodi. Na sake ganin coci. Motar ta yi juyin katantanwa, ta haura dakali da baya, ta zauna a cikin furanni, hancinta yana kallon hanyar da muka fito, saniyar katako tana leƙen Kaka ta taga. Bushiya ta ƙarasa tsallakawa.

Babu wanda ya ji ciwo. Na duba Kaka tun daga wuya har gwiwa, don duk abin dariyar nan shekararta tamanin da ɗaya. Ita kuwa kek ɗin take dubawa. Rabinsa yana faifai, rabinsa yana jikin gilashi.

Ta ce, "Gereon, ƙarfe nawa?"

"Kaka, kin ji ciwo? Kaka, wallahi bushiyar ce..."

"Ƙarfe nawa na ce."

"Uku saura biyar."

Wani manomi ne ya jawo mu da tarakta. Da ya gama, sai ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce, "Hudar ƙarshe?" Na ce e. Ya girgiza kai ya tafi.

Mataki na 7: Raba laifi kowa ya samu

Mun isa uku da minti ashirin da biyu. Baffa Ottmar yana tsaye a ƙofa da agogo a hannu, dangi goma sha ɗaya suna zaune gaban farantai, babu wanda ya ɗaga cokali.

A nan za ka nuna gwaninta. Yaya ya ba ruwan sama kashi ɗaya, ya ba bushiya kashi ɗaya, ya ba waɗanda suka gina shataletalen kashi ɗaya. Ragowar ya miƙo mini.

"Da Merle ta yi magana da ƙarfi, ai da na ji."

Baffa ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne, Merle. Ilimin da ba a ji ba, ina amfaninsa?"

Na ajiye yatsuna masu filasta a kan farin mayafin tebur, na ce, "Baffa, sau huɗu na faɗa. Na biyar ɗin da ƙarfi zan faɗa, amma Lahadi ce."

Babu wanda ya yi dariya, don kowa ya ga hujja ce.

Kaka ta kurɓi kofi, ta yamutsa fuska, ta ajiye. Ta buɗe jaka ta fito da makulli. Yaya ya gyara zama, har ya goge tafin hannu a wando.

Ta ce, "Juyin bai dame ni ba. Kakanku ya juya da ni a kan ƙanƙara ya fi a ƙirga. Kek kuma ana sake toyawa. Amma shekara sittin ina zuwa teburin Lahadi, ban taɓa shan kofi mai sanyi ba sai yau." Ta turo makullin ya wuce farantin Yaya, ya tsaya a gabana. "Ke, za ki iya kawo mutum ƙarfe uku?"

"Uku saura kwata, Kaka."

"Kada ki yi mini rawar kai. Uku na ce."

Yaya ya ce, "Kaka, daƙiƙa ɗaya da rabi fa na rage jiya!"

"Ka ƙara minti ashirin da biyu yau. Miƙo sukari."

Ka gani ko? Shekara biyar na karatu ba su ba ni makullin nan ba. Shekara uku na haƙuri ba su ba ni ba. Kofi mai sanyi ne ya ba ni. Wata za ta ji haushi ta ce ba ta so sai an yaba iliminta. Ni na sa shi a aljihu tun kafin Kaka ta canza shawara, na yanki kek mafi girma a rabin da ya tsira.

Sanarwa

Marubuciya ba ta da hannu a duk abin da zai biyo bayan bin waɗannan matakai: furannin hukuma, gunkin saniya, kek, gilashi, gado, ko mutuncinka a idon manomin da zai jawo ka. Idan kakarka ba ta da juriyar tawa, wannan tsakaninku ne. Wanda ya karanta ya fahimci akasin abin da na ce, ya fara da huda mai taushi, ya matsa ɗaya bayan ɗaya a fili, ya mayar kafin ya hau titi, shi ma ba ruwana da isarsa gida lafiya ba tare da labarin bayarwa ba. Mai ƙorafi ya same ni a gareji. Ya ƙwanƙwasa, ya jira, kuma ya bi layi, don akwai wani dogo mai suna Gereon a gabansa da ya zo roƙon aron mota ranar Asabar, ban gama duba takardarsa ba.