Rasuwar Kwamfutar Malam Khalilu, Ranar da Aka Kawo Wuta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya ƙi wucewa, ni Khalilu Tasi'u Dawakin Tofa, malamin jami'a, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara a hannuna.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha ƙurar hanyar madatsar ruwa ta Watari a bayan babur, ta sha yajin aiki tare da ni, ba ta taɓa cewa komai ba sai "fuuu" idan zafi ya ishe ta. A cikinta na tara awon shekara bakwai na magudanan ruwan rani da layukan lantarkin ƙauyukanmu, da hirar manoma ɗari biyu, waɗansu ma sun riga mu gidan gaskiya. Binciken digirina na uku ke nan, kan yadda tsari ke jure masifa. Wata mai kamawa zan kare shi gaban malamai.

Ba ta yi doguwar jinya ba. Kwana goma sha tara ba wuta, sai unguwa ta ɗauki ihun an kawo. Ni da na rubuta babi guda a kan haɗarin wutar da ta daɗe ba ta zo ba, ni na riga matata Furera zuwa soket, har ina ture mata dutsen guga. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ita ce "ɗas", sai ƙauri. Mai gyara ya duba ya ce sai haƙuri.

Ta rasu ta bar caja mai naɗin salatif, da linzamin kwamfuta gurgu, da jaka, da dutsen gugar Furera cikin ƙoshin lafiya, da ni.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidana ranar Asabar bayan la'asar, ƙarƙashin darbejiya, daga nan a kai ta makwancinta a saman kwaba. Ana roƙon masu ta'aziyya, don girman Allah, su daina tambayata ko ban kwafe aikin a wani wuri ba. Na kwafe. Faifan ajiyar da na kwafe aikin a ciki yana jone a jikinta lokacin, kuma tare za a kai su.