Saƙon Murya Mai Minti Shida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mitata ta zaga Doha ba, alhali ko ƙofar gida ban leƙa ba.

Lokacin gasar ƙwallon duniya ne. Maigidana, Baban Ummi, direban bas ne, kullum yana jigilar 'yan kallo. Wata biyu yana fama da ciwon kai da jiri, ya ƙi zuwa a auna jininsa. Na yi magana da safe, na yi da rana, amsar ɗaya ce: "Khalas, ya isa, Maman Ummi, bari a gama ƙwallo." (Tun zamanin korona yake kirana Rediyo, saboda mitar takunkumi.)

Ni ban iya dogon rubutu ba, saƙon murya nake yi. Ranar ina tuƙa tuwo na danna waya na zazzage masa: "Mutum ya kwashi bayin Allah a mota kansa na juyawa! Kilishi ba ka ɗaga masa ƙafa, miya sai ka ƙara gishiri, ga minsharin da har maƙwabta ke tambaya ko lafiya. In ka faɗi, wa zai riƙe mu a ƙasar mutane? Kafil ɗinka, ubangidan da ya ɗauke ka aiki?" Minti shida cur. Har singiletinsa mai huji sai da na ambata.

Ina sauke tukunya sai ga kiran ƙawata Hajiya Bilki ta unguwar Al-Sadd, dariya ta hana ta sallama. "Ke, duba inda kika tura!"

Ashe ba shi na tura wa ba, zaurenmu na waya ne na 'yan Arewa mazauna Doha! Likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a, har mai ja mana salla. Na yi sauri in goge, sai na goge a wayata kaɗai. (Wallahi tuwon nan ban iya ci ba.)

Da la'asar ya shigo, ya kalle ni. "Har singiletin?"

Kafin in buɗe baki aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dakta Sani ne, ɗan zauren, riƙe da abin awon jini. "Baban Ummi, miƙo hannu, umarni ne daga sama." Ya auna, ya sake aunawa, dariyarsa ta ɗauke. "Gobe ba tuƙi. Asibiti za mu."

Yau maigida na shan maganinsa na hawan jini, jiri ya tafi. Matan zauren kuwa har roƙona suke in yi wa nasu mazan guda ɗaya.

Mita dai ban daina ba. Na koyi duba sunan da ke sama kafin in danna, na kuma saya masa sabuwar singileti.